Ɗakin da Ɗalibai Suke Gudu

A makarantun sakandare da dama akwai wani ɗaki da aka rubuta wa "ofishin ba da shawara" a jikin ƙofa. In ka tambayi ɗalibai amfaninsa, amsa biyu za ka ji: can ake zuwa in an shiga aji huɗu za a zaɓi ajin kimiyya ko na kasuwanci, can kuma ake kai wanda ya yi laifi. Da wuya ka ji yaro ya ce can ake zuwa in zuciya ta yi nauyi. Ni malami ne, kullum da yaran nan nake wuni, kuma wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ba da shawara a makaranta ba sabon tsari ba ne. Tun 1959 wasu malaman cocin Katolika mata suka fara shirya wa ɗalibansu zaman shawara a Ibadan, kuma Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a sa masu ba da shawara a makarantun gaba da firamare. Buƙatar kuwa a fili take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin duk yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan larurori suna somawa ne kafin yaro ya wuce shekara 14. Ke nan irin waɗannan yara suna zaune a gabanmu, a aji biyu da aji uku, suna kwafar darasi daga allo.

To me ya sa ba sa zuwa? Manya kan ce yaran zamani ba sa son shawara. Ban yarda ba. Suna so ƙwarai, har suna nemanta a wajen ƙawaye da baƙin da suka haɗu da su a WhatsApp da TikTok. Abin da ba su amince da shi ba shi ne mu.

Babbar matsalar ita ce sirri. Na taɓa ganin wata yarinya, mai ƙoƙari a da, ta koma barci a aji. Wata malama ta ja ta gefe, da kyar yarinyar ta buɗe baki ta ce an saki mahaifiyarta, kuma tun ranar ba ta iya runtsawa da dare. Malamar ta tausaya mata da gaske. Cikin wannan tausayin ne ta faɗa a ɗakin malamai, don a sassauta wa yarinyar. Washegari wani malami ya shiga ajinsu, ya dube ta a gaban kowa ya ce, "Allah sarki, ki yi haƙuri da abin da ya faru a gida." Ba wanda ya nufe ta da sharri. Amma na ga yadda ta sunkuyar da kai, ta ja hijabinta ta rufe rabin fuska, na kuma ga yadda 'yan ajin suka juyo gaba ɗaya. Daga ranar ba ta ƙara cewa uffan ba, haka ma duk ƙawayenta da suka shaida abin. Magana zarar bunu ce, kuma yara sun fi mu sanin haka.

Sai kuma wanda aka ɗora wa aikin. Sau da yawa malami ne da darussansa ba su da yawa, aka ce ya haɗa da wannan. Da safe shi ke tsaye a bakin ƙofa da bulala yana tare 'yan makara, da hantsi kuma ana so yaro ya zauna gabansa ya faɗi abin da ko uwarsa bai gaya wa ba. Ofishin ma yakan kasance jikin na shugaban makaranta, inda duk mai shiga sai an gan shi. Yana fitowa tsokana ta fara: "An kusa kai ka Dawanau ke nan." A Kaduna su ce Barnawa, a Sakkwato su ce Kware. Asibitocin ƙwaƙwalwa da aka gina don ceton mutane sun zama abin gori a bakin yara, kuma a bakinmu suka ji.

Idan yaron ya daure ya yi magana, me yake samu? Nasiha, tun kafin ya kai ƙarshen zancensa. "Me kika rasa, ci ko sha?" "Yaro da kai, wace damuwa gare ka?" Namiji kuwa an gama da shi da kalma ɗaya: "Kai ba namiji ba ne?" Sai ya haɗiye, ya nufi majalisar abokai, inda wani zai miƙa masa abin da zai sa ya manta. Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma ba wanda ya hana abin da ke tura yaro nemansa.

A makarantun kwana na 'yan mata kuwa, damuwa takan fito ta wata hanyar. Yarinya ta yanke jiki ta faɗi, ta yi ta ihu, kafin a an jima wasu sun bi. Mutanen Kano ba su manta da irin wannan ba a shekarun 1990, zamanin da ake kira na Sumbuka. Akan kira malami ya yi ruƙiyya, kuma ba ni da ja da addu'a, ni ma da ita na dogara. Abin da ke damuna shi ne bayan ta farfaɗo an mayar da ita ɗakin kwana, ba mai zama da ita ya tambaya: me ke faruwa a gida? An sa ranar aurenta ne ba da sonta ba? Wani yana takura mata? Tsoron jarrabawa ne? Addu'a da tambaya ba kishiyoyi ba ne. Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda ya fara tsarin jinyar masu larurar ƙwaƙwalwa a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta a 1954, ya yi aiki tare da dangin marasa lafiya da masu maganin gargajiya, bai kore su ba.

Ku tuna kuma da yaran da aka sace: sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, ga na Kuriga a Maris 2024. Mun yi murna da dawowarsu, an ɗauki hotuna. Yaron da aka tasa da bindiga cikin dare, yaya yake ji in ya ji ƙarar babur a bayan katangar makaranta? Haka ma dubban da ba a sace ba, amma suka taso suna jin labarin.

Tsohon Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, aka sanar a farkon 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da muka gada daga Turawan mulki. Ci gaba ne. Sai dai yaro ɗan aji uku bai san doka ba, fuskar malaminsa ya sani.

Abin da yaran suke nema bai fi ƙarfinmu ba. Suna so a bar su su gama magana. 'Yan mata suna so a sami mace da za su je wa. Ba sa so a aiko a kira su daga tsakiyar darasi kowa na kallo. Sun fi son a gaya musu gaskiya tun farko: abin da ka faɗa a nan, nan zai tsaya, sai fa in ranka ko na wani yana cikin haɗari, sannan dole mu nemi taimakon iyaye da likita, kuma da saninka za a yi. Yaro yana karɓar wannan sharaɗi in an faɗa masa a fili, abin da ba ya yafewa shi ne ya ji zancensa a bakin wani.

Iyaye, a taronku da malamai na zangon nan, don Allah ku tambayi shugaban makaranta wane ne ke riƙe da wannan ofishi, ko ya sami horo, kuma ko shi ne dai mai riƙe da bulala.