Tsohon Sikelin Kawu da Ƙofar da Ba a Gani

A wurin da kawuna yake sayen hatsi a Lajawa akwai wani sikelin lantarki da ya girmi wasu daga cikin yaran da ke ɗora masa buhu. Bai taɓa cin amanar kowa ba. Matsalar tana tsakaninsa da littafi: yaro ya karanta nauyi, ya ƙwala wa magatakarda, shi kuma ya rubuta abin da kunnensa ya ji. Bara da kaka wani manomi ya rantse buhunsa kilo 98 ne, littafi ya ce 89. Kawu ya biya cikon, amma maganar ta riga shi isa kasuwar Wudil ranar Juma'a.

"Kai da ka yi boko," in ji shi, "ka sa sikelin nan ya riƙa rubutawa da kansa."

A bayan sikelin akwai ƙofa mai allura tara, ta tsarin RS-232 da aka fito da shi a Amurka tun 1960. Bayani yana fita ta cikinta ɗaya bayan ɗaya, kamar awaki a bakin garke. Kwamfutocin yau ba sa zuwa da ita, wayarta kuma ba a so ta wuce mita 15, alhali ofishin Kawu yana ƙetaren fili. Ita kuwa manhajar awon ba ta sauraron kowa sai ƙofar COM.

Mafitar kashi biyu ce. Na farko ɗan akwati ne, tafinta: yana karɓar maganar sikeli ya zuba ta cikin wayar intanet ta ofis. Na biyu ƙaramar manhaja ce da ke ƙirƙirar ƙofar COM a cikin kwamfuta, wadda babu ita a zahiri, ta ɗaure ta da adireshin IP na akwatin. Tsohuwar manhaja sai ta ɗauka sikelin yana gefenta.

Sau biyu na yi tuntuɓe. Da farko allo ya cika da shirme, domin saurin da na saita bai dace da na sikelin ba. Sai da na mayar da shi 9600 lambobi suka fito. Bayan kwana uku aka ɗauke wuta. Da ta dawo, rauta ta ba akwatin sabon adireshi, ƙofar ta yi gum, buhuna suka yi layi a rana. Ranar na koyi cewa adireshin akwati dole ya zama tsayayye, a kuma rubuta shi a jikinsa.

Yanzu manomi yana ganin nauyin hatsinsa a sikeli, ya ga lamba ɗaya a takardarsa. Kawu bai taɓa tambaya ta yadda ƙofar take aiki ba. Ya dai ce mutumin mai kilo 98 ya dawo bana, har ya zo da ƙaninsa.