Tseren keke a kan duwatsun Kirgistan

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, wannan wata za mu kai ku wata ƙasa mai nisa, can gabas, nesa ƙwarai bayan Makka. Sunanta Kirgistan. Tana iyaka da ƙasar Sin, babban birninta Bishkek. Ƙaramar ƙasa ce, Nijar ta yi shida ɗinta. Mutanenta kamar miliyan 7 ne, yawancinsu Musulmi. Da tana cikin Tarayyar Sobiyet, ta samu mulkin kanta a 1991.

Ƙasar kusan duk duwatsu ce. Masu ilmi suna auna tsayin dutse daga bakin teku. A nan ƙasarmu babu inda ya kai duwatsun Bagzan na Abzin tsayi, su mita 2,022 ne. To, a Kirgistan akwai wani tafki, Song-Kul, wanda yake mita 3,016. Ke nan ko ka hau kan Bagzan, da sauran mita 1,000 kafin ka kai inda tumakinsu suke shan ruwa.

Cikin waɗannan duwatsu ake wani tseren keke a watan takwas. Ana ce da shi Tseren Hanyar Siliki. Wani Bature mai suna Nelson Trees ya fara shirya shi a 2018. A wannan shekara tsawon hanyar kamar kilomita 1,700 ne. Don ku gane, kusan daga Yamai zuwa Damagaram ke nan a komo. Amma ba kwalta ba ce. Yawancinta tsakuwa ce da turbar dabbobi. Wani wuri ma babu hanyar, sai mutum ya sauka ya tura kekensa, ko ya saɓa shi a kafaɗa. Hanyar tana canjawa shekara zuwa shekara, wani lokaci a ƙara mata tsawo.

Dokar tseren ita ce abin mamaki. Ba mota mai bin ka da ruwa. Ba yaro mai riƙe maka kaya. Abincinka, bargonka, fitilarka, famfo da kayan faci, duk a jikin kekenka suke. In sarƙa ta tsinke, kai za ka gyara. An yarda ka sayi abinci a kanti, ko ka kwana a masauki, muddin wuri ne da kowa zai iya shiga. Amma ba a yarda ɗan'uwanka ya tare ka a hanya da tuwo ba. Agogo kuma ba ya tsayawa. In ka kwanta barci, lokacinka yana tafiya, abokin hamayya yana wucewa. Kowa yana ɗauke da wata ƴar na'ura mai gaya wa tauraron ɗan'adam inda yake. Akwai tashoshi kaɗan a hanya inda ake buga wa mutum hatimi a takardarsa, shaida ce ta cewa ya biyo ta nan. Maza da mata duk suna shiga, wasu su kaɗai, wasu biyu-biyu.

A 2018 mutum kusan 100 suka tashi. Waɗanda suka kai ƙarshe ba su kai rabi ba. Wanda ya zo na fari, Jay Petervary mutumin Amurka, ya yi kwana 8 da ƴan awoyi. Ɗaliban lissafi, ku ɗauki alli ku raba 1,700 gida 8. Za ku samu ya fi kilomita 200 kowace rana, a kan dutse. Daga baya wani Bafaranshe, Sofiane Sehili, ya ci tseren sau uku a jere: 2021, 2022 da 2023. An san shi da ƙarancin barci.

Me ke kayar da sauran? Na fari sanyi. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kamar digiri 6. Da rana a kwari gumi kake, da dare a kan dutse ruwan gorarka ya daskare. Ƙanƙara tana zuba ko a watan takwas. Na biyu iska. Can bisa iskar da ake shaƙa ba ta da ƙarfi, mutum ya yi taku goma sai haki, kai yana sara. Ƙofar dutsen Kegeti mita 3,780 ce, ta Tosor ta fi haka. Na uku gulabe. Mu mun saba gulbin Maraɗi yana kawo ruwa in an yi ruwan sama. Nasu daban ne. Ƙanƙarar kan dutse ce take narkewa, saboda haka da safe ruwan kaɗan ne, in rana ta yi zafi sai ya ƙaru. Mai hankali da safe yake ƙetarewa, kekensa a kafaɗa, ruwan sanyi yana dukan gwiwarsa. Sai ciwon ciki, sai karnukan makiyaya.

Ga inda zancen ya shafe mu. Baƙi suna cewa wurin ba kowa. Ba haka ba ne, makiyaya suna nan. Mu da damina bisashenmu arewa suke yi, wajen Ingal, su sha ruwan gishiri. Su kuwa sama suke yi. Daga watan shida zuwa watan tara iyalai suna hawa dutse da tumaki da dawakai da shanu, da wata irin saniya mai dogon gashi wadda ba ta jin sanyi. Suna kafa ɗakinsu mai kama da kwando a kife. Ƙashinsa na itace ne, rufinsa gashin tumaki da aka daka ya zama bargo mai kauri. Ana kwance shi a ɗaure, kamar tantin Buzaye. Har hoton bakin rufin ɗakin nan suka sa a tutar ƙasarsu. Suna tatsar goɗiya, su bar nonon ya yi tsami, su kira shi kumis. Suna kuma busar da nono su dunƙula shi da gishiri, sunansa kurut. Wanda ya san cuku ba zai yi baƙunta da shi ba.

Mai keke in dare ya same shi cikin ƙanƙara, hayaƙin ɗakin nan yake nema. Makiyayi kuwa bai san dokar tsere ba, ya san dokar baƙo. Sai ya ba shi shayi da burodi da wurin kwana. A ganina, wanda ya ce ya ƙetare duwatsun nan shi kaɗai bai faɗi zancen duka ba. Turbar da ya bi, kofaton dabbobi ne ya fitar da ita. Tun kafin keke ma fatake suna ratsa ƙasar da siliki daga Sin, daga nan sunan tseren ya fito. Har yanzu akwai wani tsohon zango na dutse, Tash Rabat, mai shekaru ɗaruruwa. Amma su fataken ayari suke yi, kamar masu zuwa Bilma ɗaukar gishiri. Wane madugu zai bar mutum guda ya yi gaba shi ɗaya? Jaruntar masu keken ba ta da shakka, sai dai su zaɓa suka yi. Wanda ya gaji yana iya cewa ya bari, ya nemi mota ya koma gida. Makiyayi ba ya barin garke a kan dutse.

Akwai kuma zancen hanyar kanta. Wasu hanyoyin da tseren yake bi, a zamanin Sobiyet aka yi su. Bayan 1991 aka raba dabbobin gwamnati ga mutane, kuɗin gyara ya ƙare. Hanyoyi suka lalace, gadoji suka karye. Masu dabbobi kaɗan suka kasa kai su makiyaya mai nisa, sai suka riƙa kiwo kusa da gari har ciyawar wurin ta mutu, ta can bisa kuwa tana tsaye ba mai ci. Mun san irin wannan a gindin rijiyoyinmu. A 2009 gwamnatinsu ta yi doka, ta sa makiyaya a hannun kwamitocin masu kiwo na kowane gari, su karɓi kuɗin kiwo su gyara hanya da gada. Mai keke daga Turai ya biya kuɗin jirgi don ya bi hanya mai wuya. Makiyayin da ya ba shi shayi, wannan hanyar ce yake jira a gyara masa kafin watan tara, lokacin da zai sauko da garkensa.