Tsohuwar Mota Da Ƙishirwar Mai

Manoman karkara sun san Peugeot 404 mai buɗaɗɗen baya, wadda ake ce ma bashe. A 1960 anka fara ƙera 404 a Faransa. An daɗe da daina yin ta, amma waɗanda sunka rage suna nan hannun masu haƙuri.

Akwai wani tsohon direba da ke ɗaukar albasa daga Galmi zuwa Ƙonni da irin wannan mota. Wata ranar kasuwa, cikin bazara, motar ta yi tari, ta ja, ta mutu. Anka huta kaɗan, ta tashi. Ba a yi nisa ba ta sake mutuwa. Masu albasa sunka damu, don buhu in ya kwana hanya, masu saye sun watse, ga rana tana dafa kaya. Wani ya ce buji ne. Wani ya ce batir. Da mota ta tsaya, kowa makanike ne.

Direban bai kula su ba. A ganinshi, motar da ke mutuwa, ta huta, ta tashi, sau da yawa mai ne ba ya isa wurinta. Sai ya bi hanyar man tun daga tanki. Ya fara cewa kowa ya kashe taba.

Ya buɗe murfin tanki, ya kasa kunne. In iska ta yi tsaki, hanyar da tanki ke shaƙar iska ta toshe, mai kuwa ba ya fita tankin da iska ba ta shiga. Bai ji komi ba. Ya koma gaba, ya cire tiyon da ke shiga karbiratar, wato inda mai ke gamuwa da iska. Ya sa bakin tiyon cikin kwalba, yaron mota ya murɗa makulli. Pompo mai lafiya tsartuwa yake yi da ƙarfi. Wannan ɗigo yake yi. Ya shinshina baƙin man inji, don in robar cikin pompo ta yage, mai yana zuba can, a ji warinshi. Babu wari. Ya jiƙa tsumma ya ɗora bisa pompo, saboda zafi kan maida mai tururi cikin tiyo. Ɗigon bai ƙaru ba.

Saura tiyon da ya taso daga tanki. Ya cire shi, ya hura da baki har jijiyar wuya ta tashi, kana anka ji ɓulɓul can baya. Abin da ya fito cikin kwalba ja ne, da tsatsa da rairayi, ruwa kwance a ƙasa. Ruwa ya fi mai nauyi, shi ke zama gindin tanki yana cin ƙarfe. Yakan shiga daga man kwalba na bakin hanya, in ba a tace ba. Masu injin ban ruwan lambu, ku ma wannan ciwo ne ke kashe muku aiki.

Direban ya ɗaura bido bisa rufin mota, ya ja tiyo zuwa karbiratar, mai ya gangaro da kanshi. Dabara ce mai haɗarin gobara, ba ya yin ta sai don a isa gari. Sun shiga Ƙonni kafin la'asar, an saida albasa. Washegari ya sa anka sauke tanki anka wanke, ya sayi sabon matacin mai da ƙyalle mai tsabta na tata.