Kawagoe, Garin da Gobara Ta Koya wa Gini

Daga tashar Ikebukuro ta Tokiyo, tafiyar kamar rabin awa ce a jirgin ƙasa zuwa Kawagoe, a lardin Saitama. Da yawa daga mutanen garin a Tokiyo suke aiki, su fita da sassafe su dawo da dare. Wanda ya tsaya a bakin tasha zai ɗauka garin kwana ne kawai. Sai da na nausa arewa a ƙafa na tarar da ainihin garin.

Titin Ichibangai jere yake da gidajen 'yan kasuwa baƙaƙe wuluk, masu kaurin bango da rufi mai nauyi. Kurazukuri ake kiran irin wannan gini. A 1893 gobara ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na garin, amma gidajen da aka yi wa bangon ƙasa, irin gidan Osawa na 1792, suka tsira. Da 'yan kasuwa suka ga haka, sai suka sake gina kantunansu da ƙasa, ba su duba tsada ba.

A gidan tarihin birnin, wanda ke filin tsohuwar fadar da aka kafa a 1457, na ga yadda ake yin bangon: a ɗaure gora da igiya, a yaɓa laka da aka kwaɓa da tattaka, a bari ta bushe, a sake yaɓawa, har a kai ga shafen ƙarshe. Maginin Kano ko Zariya zai gane aikin nan da kallo ɗaya. Nan kuma na fahimci inda dukiyar ta fito: a zamanin dā kwale-kwale ne ke bin kogin Shingashi da shinkafa da sauran kaya zuwa Edo, wato Tokiyo ta dā.

Daga nan na wuce wurin ibada na Kitain. Bayan gobarar da ta cinye wurin a 1638, Shogun Tokugawa Iemitsu, mai mulkin ƙasar a lokacin, ya sa aka kwaso ɗakuna daga fadarsa ta Edo aka kafa a nan. Fadar ta Edo ta ƙone daga baya, waɗannan ɗakunan suna nan har yau. Kafin in koma tasha na sayi alewar dankali, na ji ƙararrawar Toki no Kane, wadda ake bugawa sau huɗu a rana.

Girgizar ƙasa ta 1923 da bama-baman 1945 sun share irin waɗannan gidaje a Tokiyo. A Kawagoe kuwa, da zamani ya zo da siminti, mazauna suka tashi tsaye suka kare titinsu, har gwamnati ta sa unguwar cikin wuraren da ake kiyayewa a 1999. Abin da ya fi burge ni ke nan: gidajen ba kango ba ne na kallo, har gobe ana ciniki a cikinsu.