Diyyar Tibiri da Koran Kalgo: a hannun wa za ta sauka?

Duk lokacin da zancen diyyar mulkin mallaka ya taso a Facebook ko a zaurukan WhatsApp na ƴan Agye, Gazawa da Gidan Rumji, sai mutane su dare gida biyu. Waɗansu su ce dole Faransa ta biya. Waɗansu su ce a bar tone-tone, mu fara tambayar gwamnatinmu inda kuɗin haraji yake tafiya, da halin da tsofaffin ma'aikata suke ciki bayan ritaya. A ganina maganar guda ce, maganar bashi. Diyya bashi ce, fansho ma bashi ne, kuma kowane bashi yana da mai shi. Wanda ya tsaya a kan "a biya" bai faɗi wa za a biya ba, rabin magana ya yi.

Ɓarnar da ake neman diyyarta a ƙasarmu Nijar aka yi ta. A 1899 rundunar Kyaftin Voulet da Chanoine ta keto daga bakin kogin Kwara ta nufi tafkin Chadi. Ta gwabza da Sarauniya a Lugu cikin watan Afrilu, ta yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi cikin Mayu, sannan ta biyo ta Gobir. Kanal Klobb, wanda Faransa ta turo ya tsayar da su, ya bi sawunsu ta garuruwan da aka ƙone. A Tibiri ya tarar da gawawwakin mata a rataye jikin itatuwa, a Koran Kalgo kuma ƴan mata ƙanana. Voulet ya sa aka harbe Klobb a Dankori ranar 14 ga Yuli, kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu suka kashe Voulet da Chanoine, kaburburansu suna Maijirgi. Abin lura shi ne abin da ya biyo baya: ragowar rundunar ta ci Damagaram a ƙarshen watan, Faransa ta riƙe duk ƙasar da aka ci, ta rufe bincike a 1902, aka ɗora laifin a kan haukan da zafin rana ya jefa mutum biyu. Wanda ya ce ɓarayi mahaukata ne amma ya riƙe kayan satar, ai ya amsa bashin da hannunsa.

Masu cewa abin ya daɗe, ba wanda zai biya, su dubi tarihin fanshon ƴan mazan jiya. A Disamba 1959 Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojinta na ƙasashen da suka samu ƴancin kai. Bafaranshe da baƙar fata da suka kwana rami ɗaya a fagen daga, na farko fanshonsa yana ƙaruwa, na biyu ya tsaya cik. A takarda an ce bambancin ƙasa ne, amma kowa ya ga launin fatar waɗanda abin ya faɗa wa. Wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadu Diop, ya kai ƙara, kuma a Nuwamba 2001 babbar kotun harkokin mulki ta Faransa ta ce an nuna masa wariya. Shi kuwa ya rasu tun 1996. Sai a 2007 aka daidaita fanshon yaƙi, sai a 2011 aka daidaita sauran, ba tare da an biya ariyas na shekaru hamsin ba. Wannan ya nuna ana iya tilasta wa Faransa ta biya idan akwai sunan mai haƙƙi da takarda da adadi. Ya kuma nuna cewa jinkiri dabara ce: duk tsohon da ya mutu, bashin ya ragu. Haka kisan Thiaroye na 1 ga Disamba 1944, inda aka bindige sojojin Afirka don sun nemi kuɗinsu, sai a 2024 shugaban Faransa ya kira shi kisan kiyashi.

A nan ne nake rabuwa da masu ganin cewa da zarar Faransa ta zuba kuɗi a baitulmalin Yamai an gama. A 2021 Jamus ta yi wa Namibiya alkawarin Yuro biliyan 1.1 cikin shekara 30 saboda kisan ƙare dangin Herero da Nama, amma shugabannin waɗannan ƙabilu da dama suka yi fatali da yarjejeniyar, don gwamnatoci biyu ne suka ƙulla ta a bayan idonsu. A Kenya kuwa, a 2013, Ingila ta biya fam miliyan 19.9 kan ƙarar tsofaffi 5,228 da aka azabtar zamanin tawayen Mau Mau, kowa da sunansa. A 2025, da wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya ya rubuta wa Faransa kan koken al'ummomin Nijar game da rundunar Voulet, sai ta ce a shirye take ta tattauna da hukumomin Nijar, ba ta amsa laifi ba. Hukumomi ta ambata, ba garuruwan ba. Gwamnati ce za ta tsaya a gaba, gaskiya ne, amma a matsayin wakiliya. Masu haƙƙin su ne Tibiri da Ƙonni da ƙauyukan da ke tsakanin Maraɗi da Tasawa.

Akwai hujjar da ta fi nauyi. Za a ce yawancin waɗanda suka ɗana kunamar bindiga baƙaƙe ne, kuma sarakunanmu ma sun kai hari sun kama bayi. Duka gaskiya ne, kuma bai kamata mu ɓoye ba, domin har yau akwai gidajen da ake yi wa gorin asali a wurin neman aure. Amma umarni da tuta da ribar yaƙin na Faransa ne. Laifinmu na gida bashi ne daban da ke kanmu, ba ya goge nata.

Masu cewa mu fara gyara gida kuma suna da gaskiyar da ya kamata masu neman diyya su ɗauka da hannu biyu. Fanshon CARENI da na CNSS na ma'aikacin albashi ne kawai. Manomin gero da wake a Gazawa, da tsohuwa mai ƙuli-ƙuli a Agye, ba su da wani asusu sai ƴaƴansu da ƴan awakinsu, alhali jikokin waɗanda aka ƙone wa rumbuna suna cikin irin waɗannan. Shi ya sa aikin da ke gabanmu na rubutu ne da lissafi. Malaman tarihi da masu gari su tattara sunayen ƙauyukan da aka ƙone da abin da dattawa suka gada na labari, tun suna raye. A nemi Faransa ta buɗe kundin ajiyarta na wannan runduna. A kuma rubuta tun yanzu cewa duk abin da ya fito, ko rijiya ne ko asibiti ko tallafin tsofaffi, garuruwan ne za su zaɓa, kuma a kafe lissafinsa a ƙofar ma'aikatar magajin gari inda kowa zai karanta, kamar yadda ya kamata a kafe na kasafin kuɗin kowace shekara.