Ranar da ta saki turmi

'Yar farina ta cika wata 15 ba ta ɗaga ƙafa ba. A Kano ne, shekarar 2005, a gidan surukaina mai tsakar gida ɗaya da matan aure huɗu, inda ko tari ka yi sai kowa ya sani.

Zama kam ba ta makara ba. Tana wata 5 Hajiya, uwar mijina, ta fara saka ta a kwali tana tokare ta da tsummokara, kafin wata 7 ta zauna daram. Rarrafe ne ta ƙi. Jan gindi take yi, ƙafa ɗaya a lanƙwashe, ɗaya a miƙe, tana tuƙa kanta da hannu, wandunanta duk sun huje. Ɗan facalata, da ta girme shi da wata biyu, tuni yake tatata yana bin kaji.

Kowa da fatawarsa. Wata ta ce goyo ne ya yi yawa, wata ta ce ƙiba, wata ta leƙo fuskata ta ce ko ciki yarinyar ta sha. Ni kuwa alkunyar ɗan fari ta ɗaure min baki, ko sunanta ba na kira, balle in nuna damuwa. Amma abin da ke cin raina shan inna ne. A 2003 aka dakatar da ɗigon foliyo a Kano, sai tsakiyar 2004 aka dawo da shi, kuma kowa ya san gidan da zazzaɓi ya kwantar da yaro ya tashi ƙafa ta saki. In dare ya yi sai in riƙe ƙafafunta in ja, in ji ko za ta ƙwace. Ta kuwa harbe ni, in ji sanyi har safe.

Hajiya ta sa kafinta ya haɗa mata keken katako mai taya uku. Abin cizo yarinyar ta mayar da shi.

Ranar awo na yi ta maza na tambayi nas. Ta rataya ta a sikeli, kilo 9 da ɗoriya, ita da aka haifa da kilo 3. Ta shafa maɗigarta, ta tsayar da ita jikin benci, yarinya ta dafa tana takawa gefe-gefe. "Baiwar Allah, ƙafar da ta ɗauki jiki haka lafiyarta ƙalau," in ji ta. "In ta cika wata 18 ba ta taka ba, ki dawo min da ita." Sai bayan shekaru na karanta binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, wanda aka bi yaran ƙasashe biyar, har da Ghana: lafiyayyen yaro kan fara tafiya tsakanin wata 8 da kusan wata 18, kuma wajen huɗu cikin ɗari ba sa rarrafe sam. Ashe tawa tana da 'yan'uwa.

Wata safiya cikin hunturu ina tankaɗe, tana tsaye dafe da turmi. Hajiya na bakin ɗakinta tana dama fura. Ba wanda ya kira ta, ba wanda ya tafa mata. Ƙwaryar ta hango, ta saki turmi, hannuwa sama, ƙafafu a ware, taku ɗaya, biyu, uku, huɗu, ta faɗa cinyar kakarta, fura ta tuntsire. Hajiya ta rangaɗa guɗa, matan gida suka fito. Ni dai ban ɗago kai ba, na ci gaba da kaɗa rariya, alhali garin ya daɗe da ƙarewa.