Malam-buɗe-littafin tumfafiya da mai kwaikwayonsa

Yau ba sanarwar taro ko kuɗin wata na kawo ba, maganar wani ƙwaro ce da ke yawo a bayan gidajenmu nan Sabon Ibadan.

A Hausa suna ɗaya muke ba su duka, malam-buɗe-littafi, alhali a Najeriya kaɗai akwai iri fiye da 1,000. Wannan ya daɗe yana damuna, domin yaranmu da aka haifa a kudu ba su san daji ba, mu kuma da muka taso a cikinsa ba mu da sunan da za mu ba su in sun tambaya. Shi ya sa na zaɓi guda biyu da kowa ke gani, waɗanda in ba an lura ba sai a ce abu ɗaya ne.

Na farko shi ne wanda masana ke kira Danaus chrysippus. Fikafikansa ruwan lemo ne, ƙarshen na gaba baƙi da layin farare-farare. A nan Afirka ta Yamma fiffikensa na baya yawanci fari ne. A kan tumfafiya yake yin ƙwai, wadda Yarbawa ke kira bomubomu, ita ce ake sa wa madara wajen yin wara. Tsutsarsa mai zane baƙi da fari da rawaya ce, ganyen take ci har ta ƙoshi. Kowa ya san nonon tumfafiya ba abin wasa ba ne. To, dafin yana zama a jikin tsutsar har ta zama malam-buɗe-littafi, tsuntsun da ya haɗiye shi kuma sai ya yi amai, ba ya sake kusantar mai irin wannan launi. Shi ya sa yake tashi a hankali, ƙasa-ƙasa, kamar ɗan sarki a kasuwa.

Na biyu, Hypolimnas misippus, shi ne abin mamakin. Namijin baƙi ne wul, da manyan ɗigo farare masu zagayen shuɗi, ba ya kama da na tumfafiya ko kaɗan. Macen ce ta ari rigar, launin lemo, baƙin ƙarshe, layin fari, komai. Ba tumfafiya take ci ba, amma tsuntsu ya gan ta sai ya ba ta hanya. Wani Baturen Ingila, Henry Bates, wanda ya yi shekara 11 a dajin Amazon, shi ya fara bayanin irin wannan kwaikwayo a 1862.

Yadda nake rarrabe su, fiffiken baya nake dubawa. Na tumfafiya yana da baƙaƙen ɗigo a tsakiya, uku a mace, huɗu a namiji. Ɗigo na huɗun ya fi sauran girma, wata 'yar jaka ce ta ƙamshi da yake jawo mace da ita. Mai kwaikwayon kuwa ba ta da wannan jerin, ɗigo ɗaya za ka gani a sama kusa da gefen gaba. Sannan bakin fiffikenta na baya yana da lanƙwashe-lanƙwashe, na ɗayan ya fi zama sumul. Kada a dogara da fari ko lemo na fiffiken baya kawai, domin a cikin matan akwai masu lemo zalla, akwai masu ɗan fari. Ni a ganina ƙirga ɗigon ya fi komai tabbas.

Masu 'ya'ya, in kun ga tumfafiya a bakin titi ko kango, ku juya ganyen ku nuna musu tsutsar, amma a kiyaye nonon kada ya shiga ido, yana yin illa sosai. Wani lokaci za ku tarar da kwanson da take kwanciya a ciki yana rataye, kore ko ruwan hoda, da ɗigo kamar na zinariya. Da sassafe ya fi sauƙin ƙirga ɗigon, lokacin suna zaune sun buɗe fikafikai suna shan hantsi, kafin rana ta yi zafi su fara yawo.